Yadda ake haɗa tarihin Paula Wessely, jarumar Ostiriya, ba tare da an kwafsa ba

Masu yin bidiyon tarihi a TikTok da YouTube da masu dogon rubutu a Facebook, in dai aka zo kan tsofaffin jarumai mata 'yan Ostiriya, Hedy Lamarr da Romy Schneider kawai ake ta juyawa, alhali akwai wata mata wadda su kansu mutanen ƙasar suka shekara aru aru suna ji da ita kuma har yau suna gardama a kanta. Paula Wessely sunanta. An haife ta a birnin Biyana ranar 20 ga Janairu 1907, ta rasu a nan dai Biyana ranar 11 ga Mayu 2000 tana da shekara 93. Labarinta akwai daɗin bayarwa amma akwai tarko a ciki, don a tsakiyar rayuwarta akwai Hitler, kuma wanda bai iya jera labarin ba ko dai ya wanke ta tas ko kuma ya maida duk shekarunta fim ɗaya. Ga yadda ni nake ganin ya kamata ka bi.

Ka fara da wasan daɓe, kar ka fara da fim. Mu a nan idan aka ce jaruma to 'yar fim ce, wasan daɓe kuwa ana masa kallon abun 'yan makaranta da 'yan jami'a, amma a Biyana abun a juye yake, wanda ya tsaya a dandamali gaban mutane shi ne babban ɗan wasa, fim kuma hanyar samun kuɗi da suna ne. Idan baka bayyana ma masu sauraronka wannan tun farko ba, ba za su gane dalilin da yasa ake girmama matar haka ba. Babanta mahauci ne, amma tana da gwaggo mai suna Josephine Wessely wadda tayi wasa a Burgtheater, babban gidan wasan ƙasar, ta rasu da ƙuruciya a 1887 tun kafin a haifi Paula. Ka ga ka samu mabuɗin labari ke nan, 'yar mahauci da ta taso da sunan gwaggonta a kunne. Ta fara wasa a Volkstheater na Biyana a 1924, sai Prague a 1926, sai ta dawo gida a 1929 ta shiga Theater in der Josefstadt wanda yake hannun Max Reinhardt, babban daraktan wasan daɓe na wancan zamanin. A 1932 tayi wasan Rose Bernd na Gerhart Hauptmann a Balin, babban birnin Jamus, shi ne ya ɗaga ta a Jamus gaba ɗaya, a 1933 kuma Reinhardt ya bata matsayin Gretchen a wasan Faust a bikin Salzburg. Ka riƙe sunan Reinhardt ɗin nan da kyau, Bayahude ne, kuma zaka buƙace shi nan gaba.

Wahalar wannan ɓangaren ita ce wasan daɓe baya barin faifai, an yi an watse shi ke nan. To abun da ya rage shi ne jaridu da hotuna da murya. Babban ɗakin karatu na ƙasar Ostiriya yana da shafin intanet mai suna ANNO inda suka zuba tsofaffin jaridu kyauta, ka rubuta sunanta ka zaɓi shekara zaka ga abun da 'yan jarida suka rubuta a lokacin. Sai dai da Jamusanci ne, kuma da yawa an buga su da tsohon salon rubutun nan nasu mai lanƙwasa da ake kira Fraktur wanda manhajar fassara take rikicewa a kai, saboda haka ka kwafo kaɗan kaɗan ka fassara, kuma duk jimlar da ta fito maka a birkice ka bar ta, kar ka gyara ta da ka sannan ka ce ita ta faɗa. Wajen bincike ka rubuta Wien, haka suke kiran birnin nasu. Don jin muryarta akwai Österreichische Mediathek, ma'ajiyar sauti ta ƙasar, kuma gaskiya ka daure ka saurara ko baka jin yaren, domin muryar da yadda take furta magana su ne rabin sunanta.

Daga nan sai fim. Na farko da zaka nema shi ne Maskerade na 1934 wanda Willi Forst ya bada umarni, shi ne fim ɗinta na farko kuma shi ya maida ta tauraruwa dare ɗaya. Ta fito a matsayin wata yarinya talaka mai suna Leopoldine Dur wadda wani mai zane ya ambaci sunanta don ya rufa ma wata matar aure asiri, sai abun ya faɗo kanta. Ka lura da yadda take wasa, babu yawan ɗaga hannu babu zare ido, kamar ba wasa take ba, wannan a 1934 baƙon abu ne. Har tsagar gashinta mata suka riƙa kwaikwaya. Amurkawa ma sun sake yin labarin a 1935 da Luise Rainer. Sai Episode na 1935 wanda ya jawo mata kambun jarumar da tafi kowa a bikin fina-finai na Venice. Walter Reisch ne ya bada umarninsa, shi ma Bayahude ne, kuma yana cikin waɗanda suka rubuta Maskerade. Idan fina-finan basu da fassara a ƙasa kar ka damu sosai, ka karanta taƙaitaccen labarin a filmportal.de tukunna sannan ka kalla.

A 1935 ɗin dai ta auri Attila Hörbiger, ɗan wasa kamarta. Nan mutane suke rikicewa da sunaye, don haka ka zana bishiyar dangin a takarda kafin ka kunna kyamara. Attila shi ne miji, Paul Hörbiger yayansa ne kuma shi ma shahararren ɗan wasa. 'Ya'ya uku duk mata kuma duk 'yan wasa, Elisabeth Orth 1936, Christiane Hörbiger 1938, Maresa Hörbiger 1945. Christiane ita ce 'yan baya suka fi sani saboda talabijin, ta rasu a 2022. Ka duba hoto sau biyu kafin ka liƙa, don abu ne mai sauƙi ka sa fuskar 'ya a wurin uwa.

To yanzu ga inda aikin yake. A watan Maris 1938 Jamus ta haɗe Ostiriya, aka shirya ƙuri'ar jin ra'ayi ranar 10 ga Afrilu don a halatta abun, kuma Paula Wessely tana cikin 'yan wasan da suka fito fili suka goyi baya. Waɗanda suka gina ta kuwa sun riga sun kama hanya, Reinhardt ya tafi Amurka ya mutu a New York a 1943, Reisch shi ma ya koma Hollywood. Ita ta zauna, ta ci gaba da zama babbar jaruma a ƙarƙashin mulkin Nazi. A 1941 ta fito a Heimkehr, ma'anarsa komawa gida, Gustav Ucicky ya bada umarni, kamfanin Wien-Film ya shirya, kuma mijinta ma yana ciki. Fim ne na farfaganda zalla. Yana nuna wai mutanen Foland suna azabtar da Jamusawa 'yan tsiraru da ke zaune a ƙasarsu har sai da sojojin Jamus suka zo suka cece su, wato an yi shi ne don a wanke mamayar da Hitler ya kai Foland ranar 1 ga Satumba 1939. Ita ce malamar makaranta Marie, jigon labarin, kuma akwai wurin da take ƙin sayen kaya a hannun wani ɗan kasuwa saboda Bayahude ne.

Shawarata a nan, ka faɗi abun yadda yake, da shekara da sunan darakta da abun da fim ɗin yake nufi, ba tare da ka ƙara gishiri ba, don abun da ya faru ya isa. Kar ka yanko sin daga fim ɗin ka ɗora haka kawai da kiɗa a baya, domin an yi shi ne da gwaninta don ya taɓa zuciya kuma har yau yana iya taɓa wanda bai san tarihin ba, ita kuma ta iya wasa, wannan shi ne matsalar ma. Idan dole sai ka nuna, ka yi bayani kafin da bayan. Sojojin ƙawancen da suka ci Jamus sun hana nuna shi bayan yaƙin duniya na biyu. Kuma akwai wani ɓangare da masu bada labarin suke tsallakewa wanda ni nake ganin shi ne ya fi nauyi, wato 'yan wasan Foland da suka fito a ciki. Igo Sym, ɗan wasan da ya taimaka wajen nemo su, 'yan gwagwarmayar ƙarƙashin ƙasa na Foland sun harbe shi a Warsaw a watan Maris 1941, kuma bayan yaƙi kotun Foland ta yanke ma wasu daga cikin waɗanda suka fito a fim ɗin hukuncin ɗauri. Ita kuwa jarumar fim ɗin an dakatar da ita na ɗan lokaci a 1945, kafin shekara ta zagayo ta koma dandamali. Ka jera waɗannan biyun kusa da juna ka bar mai sauraro yayi lissafinsa. Idan kana son nuna cewa ko a gida ɗaya ba hanya ɗaya aka bi ba, ga Paul Hörbiger nan, wanda 'yan Nazi suka kama a 1945 kan alaƙa da 'yan adawa suka yanke masa hukuncin kisa, ƙarewar yaƙi ce ta cece shi.

Daga baya Paula ta ce tayi nadamar rashin ƙarfin halin da zata tsayar da aikin fim ɗin Heimkehr. Ka kawo wannan, haƙƙinta ne, amma ka faɗe shi da bakinka a matsayin bayani, kar ka ƙirƙiro mata kalmomi ka sa a cikin alamar zancen wani.

Bayan yaƙi labarin yana da ban mamaki kuma kar ka yi saurin wucewa. A 1946 tayi wasan Bertolt Brecht a Josefstadt, marubucin da ya gudu daga Hitler tun 1933. A 1948 ta fito a Der Engel mit der Posaune na Karl Hartl a matsayin mace mai jinin Yahudawa wadda ta kashe kanta lokacin da 'yan Gestapo, 'yan sandan asirin Nazi, suka zo kama ta. Shekara 7 kacal tsakaninsa da Heimkehr. Wasu suna ganin tuba ce, wasu suna ganin wanka ne kawai aka yi mata don ƙasar ma tana son ta manta, don a wancan lokacin Ostiriya tana kiran kanta ƙasar farko da Hitler ya zalunta. Ni dai na fi karkata ga na biyun, musamman da yake a 1957 ta sake yin aiki da Veit Harlan, daraktan da yayi Jud Süß, fim ɗin ƙin Yahudawa mafi muni na zamanin Nazi. Amma wannan ra'ayina ne, kai ma idan zaka faɗi naka ka nuna cewa naka ne.

Sauran rayuwarta Burgtheater ce. Ta shiga a 1953, lokacin ma ginin nasu da ke kan titin Ringstraße yana hannun masu gyara saboda ya ƙone a 1945, suna wasa ne a wani gida mai suna Ronacher har aka sake buɗe nasu a 1955. Ta shafe sama da shekara 30 a nan, ta kuma buɗe kamfanin fim nata a 1950, amma fina-finan wannan lokacin zaka iya ambatarsu a layi ɗaya ka wuce, ba su ne suka riƙe sunanta ba. Mijinta ya rasu a 1987.

Wani abu da zai ƙara ma aikinka armashi shi ne rigimar 1985. Elfriede Jelinek, marubuciyar da ta ci kyautar Nobel a 2004, ta rubuta wasa mai suna Burgtheater inda ta caccaki dangin 'yan wasa irin nasu Wessely da Hörbiger kan zamansu da 'yan Nazi, kuma ba a Biyana aka fara nuna shi ba, a Bonn ta Jamus aka yi, amma duk da haka sai da ƙura ta tashi a Ostiriya aka riƙa zagin marubuciyar kamar ta taɓa wani abu mai tsarki, Paula kuwa tana raye lokacin tana da shekara 78. A ɗaya gefen babbar 'yarta Elisabeth Orth ta zama cikin masu yaƙi da ƙin Yahudawa a ƙasar. Wannan ya ishe ka cikakken kashi guda idan kana yin bidiyon kashi kashi.

Game da hotuna, kar ka ɗauka duk abun da ya tsufa na kowa ne. Hotunan dandamali da yawa suna hannun Theatermuseum na Biyana, na fim kuma akwai Filmarchiv Austria, kuma YouTube yana iya sauke maka bidiyo idan ka zuba dogon sin. Ka duba Wikimedia Commons tukunna ka karanta sharaɗin da aka rubuta a ƙarƙashin kowane hoto. Sunan kuma, harafin W a Jamusanci kamar V ake furta shi, don haka ka saurari yadda suke faɗa kafin ka naɗi murya, kuma s biyu ne l ɗaya, Wessely, idan ka rubuta Wesley injin bincike zai kai ka wajen wasu mutane daban.