Yadda za ka gane bitar bincike mai inganci a fannin ilimin masu buƙata ta musamman

Ga ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da na Kwalejin Shehu Shagari masu rubuta furojet kan kurame ko makafi ko yara masu galahanga, nasan yawancinmu bitar bincike muke nema a intanet, wato takarda guda wadda ta tattaro binciken mutane da yawa ta ce ga abin da anka gano. Tana rage wahala da kashe data, amma fa ba kowace ce abin dogaro ba.

Da farko ka tsallake gabatarwa ka tafi kai tsaye wurin da sunka bayyana yadda sunka nemo binciken. Ina sunka duba? In akwai rumbunan takardun bincike na intanet irin su ERIC da PsycINFO da Scopus, da kalmomin da sunka saka da shekarun da sunka ɗauka, to madalla. Wanda ya ce kawai "mun duba takardu da dama" ka aje shi. Nemi zanen PRISMA, wancan mai akwatuna da kibiyoyi da ke nuna takardu nawa anka samu, nawa anka watsar da dalili. PRISMA ƙa'ida ce ta rubuta rahoton bita, a 2009 ta fito, anka sabunta ta a sigar 2020, don haka marubucin yanzu bai da uzuri.

Sai ka duba ko mutum biyu ne sunka tace takardun kowa daban sannan sunka gwada sakamako.

Mataki na uku shi ne inda nake son ka daɗe. A fannin ga yaran ba su da yawa, shi ya sa za ka ga bincike da yara uku ko huɗu kacal, ana auna yaro kafin a fara koyarwa, a auna lokacin da ake yi, wani sa'in a janye dabarar a ga ko zai koma yadda yake, wannan ba aibu ba ne in an bi ƙa'ida, cibiyar tantance binciken ilimi ta Amurka, What Works Clearinghouse, ma tana da ma'auninsa, haka ƙungiyar malaman masu buƙata ta musamman, Council for Exceptional Children, ta fitar da nata a 2014. Tambayar ita ce, masu bitar sun auna ingancin kowane bincike ko sun zuba shinkafa da tsakuwa tukunya ɗaya? Kuma ka tuna mujallu sun fi son buga abin da ya yi nasara, wanda bai yi ba yana kwance a durowa, in masu bitar ba su leƙa kundayen digiri da ba a buga ba to sakamakon zai fi gaskiya zaƙi.

Na huɗu, su waye yaran? Shekarunsu, irin larurarsu, yarensu. Dabarar da anka gwada a Ingila da malami guda kan yara shida da kwamfuta gaban kowa, ka tambayi kanka ko malama a makarantar masu buƙata ta musamman ta A.A. Raji nan Sakkwato za ta iya da kayan da ke hannunta. Ni dai bitar da ba bincike ko guda daga Afirka, ina amfani da ita amma sai na faɗi hakan a rubutuna, sannan in leƙa AJOL, rumbun mujallun Afirka a intanet, in cike giɓin.

Daga nan ka sauke AMSTAR 2, ma'aunin ingancin bita, tambayoyi 16 ne, kyauta. Don fannin lafiya anka yi shi amma yana aiki nan ma. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya da biro, har da ta wa ya ba da kuɗin aikin, in kamfanin da ke sayar da manhajar da anka gwada ne ka rubuta shi gefen takarda ka nuna ma malamin da ke duba furojet ɗinka.