Makwancin gada da barewa a lokacin hunturu

Salamu alaikum 'yan uwa maharba. Yanzu da hunturu ya kankama a Maradi, kada ku ɓata asubarku a fili ko kan tudu. Iskar nan daga arewa maso gabas take busowa, dabba kuwa ba ta kwanciya inda sanyi ke dukanta. Ku duba bayan jigawa ta kudu maso yamma, da gaɓar ƙorama, da inda sabara da geza suka yi duhu. Da hantsi takan matso gefen da rana ta fara taɓawa don ta sha ɗumi.

Ga inda matasa ke yawan kuskure: takan kwanta ta ba iska baya, hancinta na tsaron bayanta, idonta na kallon gaba. In ka biyo iska ta ji warinka, in ka fuskanto ta kai tsaye ta hango ka. Sai ka ratso ta gefe, a sannu. Ni nakan ɗebi toka na saki don in ga inda iska ta nufa.

Don Allah a nemi izinin ma'aikatan gandun daji tukuna, a kuma ƙyale mai ciki. Dajin Gadabeji kuwa, gandun da aka keɓe don kare namun daji a jihar Maradi, haramun ne a yi harbi cikinsa.