Yadda za ka gane damuwa ta fara zama ciwo, da inda za ka nufa

Mu dai a wajenmu sai mutum ya fara surutai shi kaɗai ko ya fara tsince-tsince a bola sannan ake yarda ba shi da lafiya, alhali kafin a kai can ciwon ya yi watanni yana nuna kansa a cikin gida, ana gani ana cewa ai miskilanci ne ko girman kai ya fara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 kusan mutum 1 cikin 8 a duniya yana fama da wata matsala ta ƙwaƙwalwa, mafi yawa damuwa da fargaba, kuma da yawansu suna fita kasuwa da ofis ba mai ganewa. To ga yadda za ka bi abin tun da wuri, ko a kanka ko a kan wani naka.

Mataki na farko, auna kanka da yadda kake a da

Ba da kowa za ka auna ba, da kai ɗin nan na watannin baya. Fara da barci don shi ne ya fi saurin tona asiri, sai ka ga ka farka ƙarfe uku na dare idonka biyu kana ta juyi da lissafin da ba ya ƙarewa har a kira assalatu, da safe kuma jiki ya mutu. Wani kuma barcin ne ya yi yawa. Abinci ya fita daga kanka har wando ya fara yi maka yawa. Majalisar da ba ka fashi yanzu kewaye ta kake yi, waya na ƙara ka kife ta, ƙwallon da kake so ko kitso da kwalliya ga mata duk sun daina burge ki. Abu kaɗan sai faɗa, yaro ya zubar da ruwa ka hau shi da masifa, bayan nan ka zauna kana jin kai ba ka da wani amfani.

Sannan a lura da jiki sosai, don mu Hausawa ba kasafai muke cewa "ina cikin damuwa" ba, cewa muke kaina ya yi nauyi, gabana na faɗuwa, wani abu na yawo a jikina, ƙirjina ya cushe. Daga nan sai kyamis, a sha maganin maleriya a sha na taifod a sake sha, gwaji bai nuna komai ba amma jiki bai saki ba. In haka ta yi ta maimaituwa to a fara tunanin damuwa.

Mataki na biyu, ƙirga kwanaki

Kowa yana shiga ɓacin rai, wanda aka yi wa rasuwa ko ya yi asara dole ya ji jiki. Abin da likitoci suke dubawa shi ne in ƙuncin ko rashin sha'awar komai ya kai sati biyu kusan kullum, kuma ya fara taɓa aikinka ko karatunka ko zamanka da iyali. Ka riƙa rubutawa a waya ko ɗan littafi, yaushe ka kwanta, me ka ci, ya ka wuni, zai yi maka amfani a gaban likita.

Mataki na uku, alamomin da ba a jira da su

Waɗannan ba maganar sati biyu, ranar za a tafi asibiti. Mutum ya fara cewa gara ya mutu ya huta, ko yana rabar da kayansa yana neman yafiya ba dalili. Ko yana jin muryoyin da ba mai ji, ko ya dage an sa masa guba ana bibiyarsa. Ko ya yi kwanaki ba barci kuma ba gajiya, sai surutu da facaka da kuɗi. In ka ji maganar mutuwa ka tambaye shi kai tsaye, tambayar ba ta sa mutum ya aikata, kar a bar shi shi kaɗai, a kwashe fiya-fiya da maganin ɓera da tarin magunguna daga ɗakin.

Masu jego su ma don Allah a sa ido. Kuka da rashin sukuni na 'yan kwanakin farko yakan wuce da kansa, amma in ya haura sati biyu, ko ta ƙi kula jaririn, ko ta fara ruɗewa tana maganganu, wannan na likita ne, ba wai a ƙara mata ruwan wanka a jira arba'in ba.

Mataki na huɗu, faɗa wa mutum ɗaya

Ɗaya ya isa, wanda ka san ba zai kai ka gaba ba, yaya ne ko amini ko malaminka. In kuma kai aka zo wa, ka saurara kawai, ban da "kai ma ka cika sa abu a rai" ko "rashin tawakkali ne", wallahi irin wannan maganar ce take sa mutane su rufe baki. Cewa za ka yi, na ji ka, gobe ni zan raka ka asibiti.

Mataki na biyar, asibiti

Ba sai ka fara da babban wuri ba, je asibitin da ya fi kusa ka yanki kati ka faɗa wa likita komai har da abin da kake jin kunya, in kana shan tiramol ko kodin ko wiwi don samun sauƙi ka faɗa, don su kansu suna ƙara rikita lamarin. Zai iya sa a duba jini, saboda ƙarancin jini da ciwon suga da matsalar maƙoƙo suna kawo alamomi masu kama da damuwa. In ya ga da buƙata zai tura ka wajen likitan ƙwaƙwalwa, akwai asibitocinsu a Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Maiduguri, da Dawanau a Kano, kuma asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika suna da sashen. Yawancin masu zuwa ba a kwantar da su, ganin likita ne a koma gida. Tun Janairun 2023 ma Najeriya tana da sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, sabuwar dokar tana kare mutuncin marar lafiya.

Addu'a da azkar da ruƙiyya ka ci gaba da abinka, ba su hana magani ba, abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce aljanu ne a ɗaure mutum da mari ana duka ana hana shi likita. Wani magana da ƙwararre kawai yake buƙata, wani sai an haɗa da ƙwaya, kuma maganin damuwa yakan ɗauki sati biyu zuwa huɗu ko fiye kafin ka fara jin canji, to kar ka ce ba ya aiki ka watsar. In ka ji sauƙi ma kar ka tsayar da maganin da kanka, in yana sa ka jiri ko yawan barci ka koma ka faɗa a canza maka, kuma ranar da aka ba ka ta dawowa ka sa ta a waya don kar ta wuce ka.