Kafin Ka Ce "Fara ko Baƙa": Kurakuran Masu Sayen Daytona a Kan Fuskar Agogo

Da wuya mako ya wuce wani bai turo mini hoton agogon Rolex Daytona a WhatsApp ba, tambayar kuma ba ta canzawa: "Alhaji, mai farar fuska zan ɗauka ko mai baƙa?" In na ce a turo lambar jikin agogon, wato wadda shi kaɗai ke da ita, da hoton ɗan rubutun da ke ƙasan ƙarfe shida, sai a yi shiru, can a ce ai an riga an ba da kafin alƙalami. Na gaji da maimaita magana ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta ta.

A tsohon Daytona, fuskar ita ce kuɗin. Ga agogo biyu masu lambar samfuri 6239, injinsu ɗaya na Valjoux 72, jikinsu ɗaya, amma ɗaya ya ninka ɗan'uwansa sau da dama a farashi don kawai fuskarsa irin wadda ake kira Paul Newman ce. Na shi Paul Newman ɗin kansa, ɗan wasan fim na Amurka, agogon da matarsa Joanne Woodward ta ba shi, an yi gwanjonsa a New York a watan Oktoba na 2017 kan dala miliyan 17.8. Ita kuwa wannan fuska, mai gyaran da ya san aikinsa ba zai yi awa guda ba ya cire ta ya ɗora wata.

Babban kuskure shi ne sayen laƙabi maimakon agogo, kuma ni ma ya ci ni. Akwai Daytona mai lamba 16520 da aka fara a 1988, wanda aka gina injinsa a kan El Primero na kamfanin Zenith. Wasu baƙaƙen fuskokinsa na tsakiyar shekarun 1990, zoben da ya kewaye ƙananan idanu uku (da'irorin awon lokaci da ke cikin fuskar) ya rikiɗe daga fari zuwa ruwan ƙasa, saboda man da aka shafa a kai bai kare shi da kyau ba. Aibi ne na masana'anta, amma masu tarawa suka so shi, aka laƙaba masa sunan Osvaldo Patrizzi, mutumin da ya kafa gidan gwanjon Antiquorum. Wani dillali a waje ya turo mini hotuna, zobe ya yi jawur kamar shayi mai kauri, ya ce akwai wani da ke jira in ban biya a ranar ba. Na biya. Ban tambayi lambar jiki ba, ban nemi hoto a hasken rana ba, kalmar Patrizzi kaɗai ta rufe mini ido.

Da agogon ya iso, daren farko na lura da wani abu: na kashe fitila, hannayen suna walƙiya kore shar, ɗigon awannin kuwa shiru. Washegari mai gyara ya cire maɗauri ya duba lamba, ta fara da harafin P, wato ƙirar 2000, shekarar ƙarshe ta wannan samfuri. Fuskar kuwa an rubuta mata "T SWISS MADE T" a ƙasa. Harafin T ɗin nan yana nufin sinadarin tiritiyam ne aka yi ɗigon haske da shi, kuma an bar amfani da shi wajen 1998, aka koma wani sinadarin mai suna Luminova. Tiritiyam rabin ƙarfinsa na tafiya duk bayan kimanin shekara 12, shi ya sa tsohuwar fuska ba ta haske. Ke nan fuskar wani agogo ce aka dasa a jikin wani. Ko ruwan ƙasan ma, da aka sa gilashin ƙara girma, sai ga shi bai ɗaya sumul a idanu ukun kamar an yi fenti, alhali na gaske yakan fi duhu a wani gefe, ya yi dishi-dishi a wani. Na sayar da shi bayan wata takwas, na gaya wa mai saye gaskiyar abin da ke ciki, na yi asarar da har yau in na tuna raina yake ɓaci.

Kada wani ya ce mini ai takarda na nan, ai kwali na nan. Takarda lambar jiki take tabbatarwa, ba ta cewa komai a kan fuskar da ke ciki yau. Kada kuma ka ce ai babban wuri ne ya sayar. A watan Nuwamba na 2021 an yi gwanjon wani Omega Speedmaster na 1957 a Geneva, mai fuskar da ta koma ruwan ƙasa, kan sama da faran miliyan 3 na Suwizalan, kamfanin Omega da kansa ya saya, sai a 2023 ya fito ya ce agogon haɗe-haɗen sassa ne daga agogo daban-daban. In haka ta faru da masu ƙera abin, kai da kake kallon hoto a waya me ya ba ka tabbas? Ba a cinikin biri a sama. Ni yanzu ƙa'idata uku ce kuma ba na sassautawa: lambar jiki tukuna, sannan in ga ko rubutun fuska ya dace da shekarar, sannan in shiga ɗaki mai duhu da 'yar tocilan mai hasken shuɗi in ga ko hannaye da ɗigo suna amsawa iri ɗaya. In dillali ya ƙi ko ɗaya, cinikin ya mutu a nan.

Kuskure na biyu ya fi ciwo, don da hannunka kake kai kanka. Mutum ya sami agogo mai fuskar asali, ɗigonta sun yi rawaya-rawaya irin na tsufa, sai ya kai gyara ya ce "a gyara komai." To, za a gyara komai. Haka na yi da wani tsohon agogo da na fi so a cikin nawa: ƙurar hunturu ta shiga, maɓallin awon lokaci ya fara cijewa, na aika shi wani wurin gyara a waje ban rubuta komai ba. Ya dawo fes, da sabuwar fuska fara tas da sababbin hannaye, tsofaffin kuma ba a dawo mini da su ba. A wajensu aiki mai kyau suka yi. A kasuwa kuwa agogon ya sauka daga na masu tarawa zuwa na ɗaurawa kawai. Haba jama'a, rubuta layi biyu ya gagare mu? Ka rubuta a takarda, ka sa hannu, shi ma ya sa: kada a canza fuska, kada a canza hannaye, kada a goge jiki, duk abin da aka cire a dawo da shi. Ka ɗauki hoton fuskar kusa-kusa kafin ka miƙa. Kuma don Allah kada ka bari kowa ya taɓa ta da auduga da sunan share ƙura.

Akwai kuskuren da ya shafe mu Musulmi musamman, ba za ka ji shi a bakin dillalan waje ba. Daytona na zallan farin ƙarfe na zamani, 116500LN na 2016 da 126500LN na 2023, fuska biyu kawai gare shi, fara da baƙa. Koriyar fuskar da ake kira da sunan mawaƙi John Mayer a jikin zinare take. Mai fuskar dutsen da ya faɗo daga sama a jikin zinare take. Na tseren motocin Le Mans da ya fito a 2023, mai jan 100 a zoben waje, farin zinare ne, ido kuwa ƙarfe yake gani. Na san wanda sai da ya ɗaura irin wannan zuwa masallacin Juma'a kafin a gaya masa zinare ne a hannunsa. Namiji Musulmi ya fara tambayar ƙarfen jiki kafin launin fuska ya ɗauke shi. Mai fuska shuɗi-shuɗin ƙanƙara, 116506 na 2013, filatinam ne, wannan sai ka tambayi malaminka.

Sauran kurakuran ƙanana ne. In an ce maka Paul Newman, dubi idon daƙiƙa: 15, 30, 45, 60 ake rubutawa, ba 20, 40, 60 ba, kuma layukan cikin idanun suna da 'yan murabba'ai a kai, ko duk sun cika kada ka biya sai ƙwararre ya buɗe ya ga bayanta, don jabunta sun yi yawa. Tabon ruwa ba tsufa mai daraja ba ne, fuskar da damina ta ɓata ta ɓaci. Fuska mai lu'ulu'un da aka liƙa daga baya rage daraja take yi. Hoton da aka ɗauka ƙarƙashin rawayen ƙwai ƙarya yake yi a kan launi. Shida mai juyayyen kai a idon awanni na 16520 alamar ƙirar farko-farko ce, ba abin da za a ninka maka kuɗi a kai ba. Wanda kuma ya sayi launi don ana yayinsa, ya tambayi waɗanda suka saya a farkon 2022 yadda farashi ya yi da su daga baya.

Batun fara ko baƙa kuwa, farar da ake kira Panda ta fi tsada a hannun 'yan kasuwa, ta kuma fi saurin fita in ka tashi sayarwa. Ni baƙa nake ɗaurawa, don ta fi shiga da manyan kaya kuma ba ta kiran ido a taro. Ka ɗaura kowacce a hannunka, ka fita waje cikin rana, ka duba lokaci sau biyu, wadda idonka ya karanta ba tare da ka karkata hannu ba ita za ka ɗauka.