Zuwa bikin kiɗan Marsiyak a Faransa: abin da za ka shirya tun daga gida

Marsiyak ƙaramin gari ne a kudu maso yammacin Faransa, mutanensa ba su kai dubu ɗaya da ɗari biyar ba. Akwai ƙauyukan Ringim da na Ɗambatta da suka fi shi jama'a. Amma tun 1978 ake yin bikin kiɗan jaz, salon kiɗan da ya samo asali daga baƙaƙen fatar Amurka, a cikinsa kusan duk shekara, daga ƙarshen Yuli zuwa cikin Agusta, kuma babbar rumfar da ake kafawa tana cin mutum kusan dubu shida a dare ɗaya. Daga nan za ka gane inda matsalar take. Tikitin shiga ba shi ne abin damuwa ba. Wurin kwana da abin hawa su ne, kuma wanda bai kammala su da wuri ba, ko biza za ta yi masa wuyar samu. A takardu da tikiti rubuta sunan garin yadda suke rubuta shi: Marciac.

Fara da masauki, tun cikin Janairu ko Fabrairu. Otal kaɗan ne a garin, suna cika watanni kafin biki. Yawancin baƙi ɗaki suke kamawa a gidajen mutane, ko a ƙauyukan kewaye, ko su kafa tanti a filin da aka ware. Idan wani ne zai sauke ka a gidansa, wasiƙar hannu ba ta isa ba. Sai ya je ofishin magajin garinsu ya karɓo takardar da suke kira attestation d'accueil, ya aiko maka ainihinta. Wannan takarda tana rage maka nauyi, domin kuɗin guzurin da ake so ka nuna ya danganta da inda za ka kwana: yuro 32.50 a kowace rana ga mai ita, yuro 65 ga wanda ya kama otal, yuro 120 ga wanda ba shi da shaidar masauki.

Bizar Shengen ta ɗan gajeren zama za ka nema, wato bizar bai-ɗaya ta rukunin ƙasashen Turai da Faransa take ciki. Ana cika fom a shafin France-Visas, sannan ka je Abuja da kanka a ɗauki hoton yatsunka. Kuɗinta yuro 90 ne, ban da na cibiyar karɓar takardu, kuma ba a mayarwa idan an hana. Fasfo ya kasance da sauran wata uku aƙalla bayan ranar dawowarka, da shafi biyu da ba a buga komai a kai ba. Sai inshorar lafiya da za ta iya biyan kuɗin jinya har yuro 30,000. Doka ta yarda ka shigar da takardu tun saura wata shida, don haka kada ka bari sai Yuni, lokacin da ɗalibai da masu hutu suke cika layi.

Abin da ya fi kayar da mutanen karkara shi ne takardar banki. Manomi ko mai kiwo dukiyarsa tana rumbu da turke, ba ta asusu. Sai ya sayar da bijimi biyu ana saura mako guda, ya zuba kuɗin gaba ɗaya. Mai duba takarda yana ganin asusun da ya yi wata uku shiru ya kumbura dare ɗaya, sai ya ɗauka aro ne. Ka riƙa shigar da cinikinka banki tun watanni kafin nan, ka ajiye rasit ɗin kara, ka haɗa da takardar gona da duk abin da ke nuna kana da abin dawowa. Dillalin da ya ce zai haɗa maka takardu, rabu da shi. Takardar bogi ɗaya tana ɓata maka suna a ƙasashen Shengen duka.

Kada kuma a manta bikin yana faɗowa tsakiyar damina. Kafin ka tashi, san wanda zai tsaya kan maimai da zuba taki, ka bar masa kuɗin 'yan ƙwadago a hannu.

Jirgin ƙasa ba ya zuwa Marsiyak. Ko dai daga Paris ka hau na garin Tarb (Tarbes) daga tashar Montparnasse, tafiyar sa'a biyar da wani abu, ko ka sauka filin jirgin saman Tuluz (Toulouse), wanda ke da nisan kusan sa'a biyu a mota. Sauran tafiyar sai bas ko motar mai masaukinka. A nan ake shan wahala: babu ɗan acaɓa, babu a-daidaita-sahu, motar haya sai an kira ta tun da rana. Babban wasa yana farawa wajen ƙarfe tara na dare, ya kai sha biyu ko ya wuce. Idan ɗakinka yana wani ƙauye mai nisan kilomita goma, ka san mai mayar da kai kafin ka shiga rumfa.

A jaka, kilishi da dambun nama da man shanu ba sa shiga Turai. Za a ƙwace su a filin jirgi. Ɗauki dabino, gyaɗa da garin kunu. Soket ɗinsu mai baki biyu zagaye ne, cajarka mai baki uku ba za ta shiga ba sai da mahaɗi. Sa rigar sanyi guda, don ko rana ta yi zafi, dare yakan yi sanyi.

Makaɗin da zai tafi da kayansa ya lura da abu biyu. Gogen da aka rufe da fatar guza ko damo yana buƙatar takardar izini ta CITES, wato yarjejeniyar duniya kan fataucin namun daji, in babu jami'an kwastan suna iya riƙe shi. Fatar kalangu kuwa tana saki da raɓar dare, kuma ba za a bar ka ka hura wuta ka gasa ta ba. Shanya ta a rana da la'asar, ka naɗe cikin zane busasshe har lokacin wasa.

Yankin na masu kiwon agwagwa ne da yin giya, naman alade kuma yana ɓuya cikin abinci da yawa. Haddace kalmomi uku: porc, jambon, lardons, duk alade ne. Ka ce sans porc, sans alcool, wato ba alade, ba giya. Burodi, cuku, ƙwai, kifi da kankana za su riƙe ka. Shaguna da yawa suna rufewa da tsakar rana, ranar Lahadi da yamma ma haka, saboda haka yi cefane da safe. Kasuwar garin ranar Laraba take ci.

Agogonsu yana gaban namu da sa'a ɗaya a wannan lokaci. Rana ba ta faɗuwa sai wajen tara da rabi, magariba ke nan tana shigowa ana tsakiyar wasa, isha kuma ta haura sha ɗaya. Tafi da alwalarka, ka nemi kujerar gefe. Alƙibla a can gabas ce mai karkata kudu, saɓanin ta Kano mai karkata arewa. Juma'a sai ka fita zuwa babban gari irin Tarb.

Ba lallai ka sayi tikitin kowane dare ba. Zaɓi dare biyu na rumfa, sauran kwanakin ka zauna a dandalin tsakiyar gari, inda ake kiɗa kyauta da rana. A nan za ka ga hannun mai ganga kusa da kusa. Idan zazzaɓi ya taso maka, kira lambar gaggawa 15 ko 112, ka faɗa wa likita daga Nijeriya ka zo, a gwada maka cizon sauro.