Murar da ta ƙi jin magani: kurakuran da aka fi yi da cutar GPA

Akwai cutar da garkuwar jiki ke juyowa ta far wa ƙananan jijiyoyin jini. Likitoci na kiranta GPA, a da kuma ana ce mata cutar Wegener, sunan likitan Jamus da ya bayyana ta a 1936. Tana kama hanci da huhu da ƙoda, amma a wurin yawancin masu ita, a hanci da ramukan da ke kewaye da shi take fara nuna kanta.

Babban kuskure shi ne a ɗauke ta mura. Hanci ya toshe wata da watanni, ga majina mai jini, ga haɓo a kai a kai, ga busasshen ɓawo a ciki, wani lokaci har ji ya ragu. Sai a yi ta sauya maganin kashe ƙwayoyin cuta, alhali ba ƙwayar cuta ce tushen matsalar ba. Idan abin ya daɗe haka, musamman in ya haɗu da rama, zazzaɓi, ciwon gaɓoɓi ko tari da jini, a nemi likitan kunne da hanci da maƙogwaro.

Wanda ya fi damuna shi ne a tsaya kan hanci kaɗai. Ƙoda ba ta kuka da wuri; tana iya lalacewa mutum bai ji komai ba. Gwajin fitsari mai sauƙi yana nuna jini ko furotin da ido ba ya gani, hoton ƙirji kuma ya nuna halin da huhu ke ciki. Don Allah kada a tsallake su.

Wasu kuma da zarar gwajin jini na ANCA, wanda ke neman alamar wannan cuta a cikin jini, bai nuna komai ba, sai su saki jiki. Idan cutar ba ta wuce hanci ba, gwajin kan iya fitowa lafiya lau, shi ya sa ake gutsuro ɗan nama daga ciki a duba.

Ɓanɓare ɓawo da yatsa yana ƙara rauni, feshin buɗe hanci kuma in ya wuce 'yan kwanaki sai ya ƙara toshewar. A riƙa wanke hanci da ruwan gishiri, wanda aka tafasa ya huce.

Kada a yanke shan prednisolone, maganin rage kumburi da ake bai wa masu cutar, farat ɗaya don an ji sauƙi, likita ne ke rage shi sannu a hankali. Idan kuma guringuntsi ya cinye har karan hanci ya lotsa, a jinkirta tiyatar gyara sai magungunan danne garkuwar jiki irin su rituximab sun kwantar da cutar, domin naman da ke cikin kumburi ba ya warkewa da kyau.