Yadda Ake Tsere wa Fatalwoyi a Wasan Pac-Man

Kamfanin Namco na Japan ne ya fitar da Pac-Man a 1980, Toru Iwatani kuwa shi ya jagoranci ƙirƙirarsa. Asalinsa na'ura ce doguwa da ake girkewa a gidajen wasa, ka jefa tsabar yen 100 ta ba ka rai uku. Ba harbi, ba tsalle, sanda ɗaya ce kawai da ake turawa sama, ƙasa, dama ko hagu. Aikinka ka cinye ƙwayoyi 244 da ke cikin lunguna, 240 ƙanana da manya 4, alhali fatalwoyi huɗu na farautarka. Sabon shiga yakan ɗauka yawo kawai suke yi, shi ya sa ba ya minti biyu sun gama da shi. Kowacce da ƙa'idar da take bi, kuma ba ta saɓa mata.

Mataki na 1: Fara cin ƙasan allo. Da an fara, jar fatalwa ce kaɗai a waje, mai ruwan hoda ta fito nan take, sauran biyun kuwa sai ka ci ƙwayoyi da dama kafin su bar ɗakinsu na tsakiya. A daƙiƙa 7 na farko ma ba kai suke nema ba, kowacce kusurwarta take nufa. Layin can ƙasa dogo ne kuma mafitarsa kaɗan ce, idan aka datse ka a ciki ba makawa. To share shi tun gari na lafiya.

Mataki na 2: San halin kowacce. Nan ne wasan yake.

Ja, wato Blinky, kai tsaye take binka, inda kake nan take nufa. Idan ƙwayoyi suka kusa ƙarewa, kamar saura 20 a zangon farko (da ka cinye ƙwayoyin allo duka sai a shiga sabon zango), sai ta ƙara sauri.

Mai ruwan hoda, Pinky, 'yar kwanton ɓauna ce. Ba inda kake take nufa ba, taku huɗu a gabanka take hari, don ta tare ka yayin da Ja ke koro ka daga baya. Wannan dabarar tata ita ce rauninta. Idan kun yi kusa kuma akwai mararraba a tsakaninku, fuskance ta gaba da gaba. Wurin da take hari ya koma bayanta, sau da yawa sai ka ga ta kauce ta shiga wani lungu. Yana buƙatar dakiya, amma yana aiki.

Inky, mai launin sararin samaniya, ita ce mai wuyar sha'ani, domin lissafinta ya haɗa da inda Ja take da kuma taku biyu a gabanka. Ba sai ka yi wannan lissafi ana tsakiyar gudu ba. Riƙe wannan kawai: duk lokacin da Ja ta matso maka, Inky ma na nan tafe, in kuwa Ja na nesa, ita ma takan yi ta gantali.

Mai ruwan goro, Clyde, matsoraciya ce. Tana binka daga nesa, da ta zo kusa da kai da taku 8 sai ta juya ta nufi kusurwar hagu ta ƙasa. Haɗarinta ɗaya, kada ka tsaya mata a hanyar komawa gida.

Mataki na 3: Lura da lokacin da suka juya gaba ɗaya. Fatalwa ba ta yin kwana ta koma inda ta fito don ra'ayin kanta. Idan ka ga dukkansu sun juya a lokaci guda, yanayi ne ya sauya: bayan farautar daƙiƙa 20 sukan watse zuwa kusurwoyinsu na ɗan lokaci. Hutun nan sau huɗu ne kacal a kowane zango, daga nan farauta ce ba tsayawa. Yi amfani da shi ka cinye ƙwayoyin da ke kewaye da ɗakinsu.

Mataki na 4: Juya sanda kafin ka isa kwana. Pac-Man, wato ɗan wasan da kake sarrafawa, yana yanke kwana, su kuwa ba sa iyawa, don haka kowace kwana tana ƙara maka tazara. Miƙaƙƙen layi mai cike da ƙwayoyi kuwa yana rage maka gudu, saboda kowace loma tana ɗan tsayar da kai. In an matsa maka, bi inda ka riga ka share, ko ka faɗa ƙofar gefe wadda ke fitar da kai ta ɗaya ɓangaren. A cikinta saurinsu yakan ragu sosai, naka kuwa yana nan.

Mataki na 5: Kada ka yi gaggawar haɗiye manyan ƙwayoyi. Tsaya dab da ɗaya daga ciki har sai fatalwoyin sun taru a bayanka, sannan ka ci. Za su zama shuɗɗa na daƙiƙa 6 a zangon farko, a lokacin kai ne za ka iya cinye su: ta farko maki 200, ta biyu 400, sai 800, sai 1,600. Ke nan 3,000 a ƙwaya ɗaya, ga shi kuma a maki 10,000 ake ƙara maka rai. Da sun fara walƙiya da fari, haƙura da sauran. A ganina kwaɗayin ta huɗun nan ya fi komai kashe 'yan wasa. Haka 'ya'yan itacen da ke bayyana ƙarƙashin ɗakinsu bayan ƙwaya 70 da kuma 170: na zangon farko maki 100 ne kawai, bai kai a sayar da rai ba.

Kana gaba lokacin shuɗin na raguwa, daga zango na 19 kuwa ba sa sake launi sam, sai dai su juya. A zango na 256 rabin allon yakan rikice saboda kuskuren lissafi a cikin na'urar, kuma iyakar makin da ake iya samu shi ne 3,333,360.

Idan a waya ko kwamfuta za ka gwada, nemi na asali na Namco. Kwaikwayon da suka cika intanet da yawansu ba sa bin waɗannan ƙa'idoji, a can in ka fuskanci Pinky cinye ka za ta yi.